Rassan da Aka Ɗauke Daga Kan Kwalta

Ƙarfe shida da kwata na safiyar Talata aka zaro Manniru mai burodi daga ƙarƙashin bayan wata tirelar albasa, a gangaren da ya sauko daga Mokola ya sha kwana. Kekensa ya lanƙwashe, burodi ya watse a kan jiƙaƙƙiyar kwalta. Kafin a kai shi asibiti ya cika.

Saja Muhibbat ta sashen hatsarin mota ce ta fara isowa. Haifaffiyar Sabo ce, unguwar Hausawan garin, kuma ta san mamacin. Shekara goma sha ɗaya yana kai wa masu shayin kasuwar Bodija burodi a kan wannan keken, ta wannan hanyar. Ta tarar samarin unguwa sun kewaye direban, ɗaya har ya zo da galan ɗin fetur. Da Hausa ta roƙe su, da Yarabanci ta tsawata wa 'yan kallo, sannan ta tura direban cikin motar ofis.

Tirelar ba tafiya take yi ba. A tsaye take, ta mutu daidai bayan kwanar, inda mai saukowa ba zai gan ta ba sai ya zo dab da ita. Muhibbat ta matsa birkin keken. Na baya ya cinye, na gaba ne kawai ke ɗan kamawa. Ta rubuta. Ta taka zuwa saman gangaren tana duban ƙasa, ba ta ga wata alamar gargaɗi ba.

A ofis direban ya ce sunansa Haladu. Dattijo ne mai furfura a gemu, hannayensa baƙi ƙirin da man inji.

"Yaushe motar ta mutu?"

"Wajen biyar saura, ranki ya daɗe. Na shiga ƙarƙashi na taɓa, ta ƙi."

"Ina sikoshin ɗinka?" Tana nufin jar alamar nan mai kusurwa uku da doka ta ce kowace mota ta riƙe.

Ya sunkuyar da kai. "Ta karye tun kafin azumi. Kullum ina cewa zan saya."

"Wato haka ka bar mota a kwana, ba komai a bayanta."

"A'a, wallahi na sa ganye! Na karyo rassan dogon yaro na jera wuri uku, duka tun kafin kwanar. Da na ga ana iska har dutse na ɗora wa kowanne. Sannan na tafi sallah, na wuce neman bakanike."

"Malam Haladu, ko reshe ɗaya babu a titin nan."

"To ni ban san ya aka yi ba. Shekara talatin ina tuƙi, ban taɓa kashe ko akuya ba."

Dipi'o, shugaban ofishin, bai ga abin ɓata lokaci ba. Ya ce gobe da safe a kai shi kotu da laifin sakacin da ya jawo kisa. Muhibbat ta roƙi a ba ta wuni ɗaya.

Ta koma wurin. Wannan karon bakin titi ta bi, ba tsakiya ba. Ga bishiyar dogon yaro a gefe, da sabon karin rassa, a jikinta kuwa shatin yatsu huɗu na baƙin mai. Gaba kaɗan ta ga dutse a kan dakalin kwalbati. Taku ashirin, ga wani. Wani ashirin, ga na uku. Ba a yar da su ba, an ajiye su ne a tsanake, kamar yadda ake ajiye murfin tukunya. Daura da kowane dutse, a kan kwalta, akwai 'yan ganyaye biyu ko uku da suka manne.

Ashe Haladu gaskiya ya faɗa. Wani ne ya kwashe rassan tsakanin biyar da shida.

Ta fara da Iya Sakinat mai sharar titin.

"Olopa, ni sai bakwai nake fitowa, kowa ya sani," in ji matar, tana dogare da tsintsiya; Olopa shi ne ɗan sanda da Yarabanci. "Kuma ɗana direba ne. In ga ganyen mota in share? Ga tarin sharata can, tona ki gani."

Ta tona. Leda ce da bawon lemo.

Daga nan ta nufi turken Ɗanmalam mai raguna, wanda aka sani da tsintar ganye a bakin hanya da sassafe. Yana ganinta ya washe baki.

"Saja da kanta! Rago za a saya, ko kama ni aka zo yi?"

"Yau ka bi ta gangaren Mokola?"

"Ruwa ya hana ni. Tambayi liman, tare muka fake har gari ya waye."

"An kwashe rassan dogon yaro a can."

Ya kwashe da dariya. "Kin taɓa tauna shi kuwa? In ba ragon Sallah ɗaci ya rame, wa zai saya? Wannan ai sai masu zazzaɓi."

Ta leƙa kwandunansa duk da haka. Dusa ce da harawa. Maganarsa ta ƙarshe ta tsaya mata a rai, sai dai damina ce, rabin Sabo na fama da zazzaɓi. Gida nawa za ta shiga?

Bayan la'asar ta cire hular aiki ta yafa mayafi, ta tafi gidan Manniru gaisuwa. An riga an kai shi. Tana shiga tsakar gida wani ɗaci-ɗaci ya bugi hancinta. A kan murhu akwai babbar tukunya da koren ruwa ya huce a ciki. Ta yi kamar za ta wanke hannu, ta zagaya bayan madafa. Ƙirare ne a zube, an tsige ganyensu. Ta ɗauki ɗaya. A gindinsa, inda aka kama aka karya, akwai baƙin mai.

Ta tattara ƙiraren ta shiga ɗaki.

Suwaiba, matar mamacin, tana zaune a tabarma, 'yarta Jannat mai shekara huɗu na barci a cinyarta. Muhibbat ta yi gaisuwa, ta jira mata suka ragu, sannan ta zauna kusa da ita ta ajiye ƙiraren a tsakaninsu.

"Ya jikin Jannat?"

"Da sauƙi, Yaya."

"Sirace kika yi mata?"

Suwaiba ta dubi ƙiraren.

Muhibbat ta sassauta murya. "Direban ya ce ya sa ganye, na ga shatin hannunsa a bishiya. Iska ba ta ɗaga dutse ta ajiye a kan dakali. Mai shara ba ta fito ba, mai raguna ba ya son ɗaci. Saura wanda ke buƙatar dogon yaro tun kafin gari ya waye. Wannan man kuwa, Suwaiba, ba na madafarki ba ne."

Hawaye suka zubo wa Suwaiba.

"Jikinta kamar garwashi ya kwana. Baban Jannat ya ce in bari ya dawo daga Bodija zai karyo mana. Yana fita masallaci na kasa haƙuri, na bi ta lungu na fita titi. Hannuna bai kai reshe ba. Sai ga su a ƙasa, a karye."

"Ba ki ga duwatsun ba?"

"Na gani. Har na ce a raina ko na mota ne. Na duba sama, na duba ƙasa, ban ga mota ba, na ce ta riga ta tashi. Taku goma, Yaya. Da na ƙara taku goma na leƙa kwanar nan…" Ta toshe bakinta da mayafi. "Ina tsige ganyen ya shigo ya ɗauki keke. Har ya ce, 'A'a, kin riga ni.' Bai tambaye ni inda na samo ba."

"Tun safe kin san abin da ya faru."

"Tun da aka ce direba na rantsuwa ya sa ganye."

"Kika yi shiru."

"In ce wa mahaifiyarsa me? In ce wa wannan me, in ta girma?"

"Gobe za a kai bawan Allah nan kotu. Shi ma da iyali."

Suwaiba ta shafa kan 'yarta, ta ce, "Ɗauko takardarki. Amma ki bari ni zan faɗa wa Innarsa da bakina."

Muhibbat ta rubuta rahoton yadda abin yake. Direba ba shi da sikoshin. Keke ba shi da birkin kirki. An ɗauke rassan gargaɗi ba da niyyar cutar da kowa ba. Dipi'o ya karanta sau biyu, ya janye tuhumar kisa, ya bar ta rashin alama. Game da Suwaiba ya ce ba shi da abin da zai ƙara mata.

Da aka saki Haladu ranar Laraba bai nufi motarsa ba. Ya roƙi Saja ta raka shi gidan mamacin. Ya tsaya a zaure riƙe da hula, Suwaiba na bayan labule.

"Allah ya jiƙansa, baiwar Allah. Kada ki ɗauka ke kaɗai. Da jar alamar nan na ajiye, ba wanda zai kai ta gida ya dafa."

"Amin. Ka yafe mini kwanan da ka yi a kulle."

"Na yafe."

Labulen ya motsa, Jannat ta fito da ƙafarta, idanunta garau. Ta dubi baƙon, ta dubi jikin bango inda keke ke kwana, sannan ta ja zanen uwarta.

"Umma, yunwa nake ji. Baba bai kawo burodi ba?"

Muhibbat ta taɓa goshin yarinyar. Sanyi ƙalau.

"Tun jiya da azahar ya sauka," in ji Suwaiba daga bayan labule. "Maganin ya yi."