Ƙauri a Ɗakin Kiɗan Namadi

Ranar Juma'a bayan la'asar aka shigo da Gajere komisariya, ofishin 'yan sanda, hannuwansa ɗaure da igiyar guga, mutanen unguwa na biye da shi suna hayaniya. Shekarar dubu biyu da goma ce. Sojoji na riƙe da mulki, rumbuna sun zama fanko tun kafin bazara, garin Tasawa kuma ya cika da mutanen ƙauye masu neman abin kaiwa baki. A irin wannan shekara, duk abin da ya ɓace kan baƙo yake faɗawa.

Insifekta Amani ya ɗago kai. Matashi ne, bai daɗe da fitowa daga lakwal, makarantar 'yan sanda ba, kuma ba abin da ke ƙona masa rai kamar a kawo masa mutum an riga an yanke masa hukunci a hanya.

"Ku kwance shi."

"Ranka ya daɗe, ɓarawo ne fa," in ji Na Allah, mai unguwar da ya jagoranci taron.

"Na ce ku kwance shi. Nan ba turken awaki ba ne."

Na Allah ya zayyana magana. An fasa ɗakin kiɗan Namadi mai gita, an ɗauke masa ampli, na'urar ƙara wa gita sauti. Gajere ne mai gadin gidan. Da azahar an gan shi yana tura kura zuwa tasha, da wani abu mai nauyi cikin buhu.

"Ka ga magana ta ƙare. A kai shi kaso, gidan yari, kowa ya huta."

Kowa ya huta. Da wannan kalma muke binne gaskiya a ƙasar nan, Amani ya ce a ransa, mu koma gindin itacen bedi mu ci gaba da shan shayi. Amani ya sallami taron, ya zaunar da Gajere, ya ba shi ruwa.

"Ina kake lokacin da aka fasa ɗakin?"

"Ina bakin ƙohwa, ranka ya daɗe. Ban ɗaga ba."

"To wa ya tura kurar? Aljani?"

Gajere ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ni ne. Tsoro ni ji kar a ce na bar gadi. Irin gero ne, na sa ma Uwani, mai ɗakina, cikin mota zuwa Hawandawaki. An yi ruwan shuka can. Gobe ni so in roƙi izini in bi shi." Muryarsa ta karye. "In ƙasa ta bushe ina nan, bana ma ba mu da komi."

Amani ya san yadda abin ke tafiya. In aka kai Litinin, gaban juji, wato alƙali, za a gabatar da shi, daga can sai kaso har a gama bincike. Kafin ya fito, gonar maƙwabta ta kai gwiwa, tasa na nan fili.

Ya ɗauki hularsa.

*

Namadi na zaune a ƙofar ɗakin, ya yi tagumi. Shi ne shugaban orkes ɗin da ke kiɗan bukukuwa daga Tasawa har Mayahi. Yana ganin Insifekta ya miƙe.

"Ba Gajere ba ne, Shef. Na faɗa musu, ba wanda ya saurare ni."

"Me ya sa ka tabbata?"

"Yunwar tamanin da huɗu, uban mutumin nan ne ya riƙe mu, ni da tsohuwata, har kaka. Ƙwarya guda muka sha fura da Gajere. Da ya zo bana neman aiki, ni na ji daɗi. Na samu hanyar cewa na gode."

"Wannan ba hujja ba ce gaban juji. Nuna mini kwaɗon."

Kwaɗon na yashe gefen wani dutse, a farfashe. Amani ya tsuguna. A jikin dutsen akwai sabon karce, amma ƙofar lafiya lau take, ko ƙusa guda ba ta motsa ba.

"A ƙasa aka daddatse shi, bayan an buɗe da makulli. Ina kake ajiye makulli?"

"Bisa katanga, ƙarƙashin bulo. 'Yan orkes duk sun sani."

"Gajere fa?"

"Shi ma ya sani."

Amani ya yi tsaki, ya shiga ciki.

Ɗakin ƙarami ne. Ganguna a kusurwa, gita biyu jingine, da ƙaton akwatin lasifika wanda makaɗa ke kira bafal. A ƙasa akwai wani faifan ƙarfe mai maɓallai da ɗan gilashi.

"Wannan fa?"

"Fedaliye ne. 'Yar kwamfuta ce. Gita ta shiga cikinta, ta kwaikwayi muryar ampli iri-iri, sai dai ka taka da ƙafa ka zaɓa. Amma muryar a bushe take fita. Shi ya sa nake zuba ta cikin ampli mai lamp, na da, mai kwalabe da ke ja kamar garwashi. Shi ke sa mata nama, sannan ya tura wa bafal."

"Wanne ya fi saurin shiga kasuwa?"

"Fedaliye mana! Ka sa shi a hammata ka kai Maraɗi, kafin ka zauna an saye. Shi kuwa ampli nauyinsa ya kai na tunkiya, kuma ba kowa ya san darajarsa ba."

Ɓarawon da ya bar mara nauyi ya ɗauki mai nauyi. Amani ya tsaya tsakiyar ɗakin, ya ja numfashi. Ya sake ja.

"Kana ƙona turare a nan?"

"A'a."

"To ƙaurin mene ne wannan? Kamar fenti ya ƙone."

Namadi ya shinshina. Fuskarsa ta canza. Ya leƙa bayan bafal, ya ciro waya a naɗe tsaf, an rataye ta a ƙusa.

"Innalillahi. An cire wayar bafal." Ya zauna bisa ganga. "Shef, ampli mai lamp ba a kunna shi babu bafal. Ƙarfin da yake turawa sai ya samu wurin zuwa. In bai samu ba, ya koma ciki ya cinye tiransifo. Ƙaurin tiransifo ne wannan."

"Ke nan kafin a sace shi, an kashe shi."

"Wa zai yi haka? Na hana kowa taɓa shi!"

"Wa ya fi son taɓawa?"

Namadi ya dubi gita ta biyu.

*

Da safe aka kira Isufu, mai gita na biyu. Saurayi ne mai tsabta, ya zo da murmushi da gaisuwa cikin Faransanci.

"Jiya da azahar ina kake?"

"Baudeta, Shef, wurin tsohuwa. Tun da sassafe na hau moto, babur ɗina."

"Ka taɓa kunna ampli ɗin Namadi?"

"Ni? Ko ƙurarsa ba ya bari in share."

Amani ya lura Isufu na karkato kunnen dama duk sanda aka yi masa magana. Ya tashi yana zagaya kujerar. Da ya zo ta hagun Isufu ya sassauta murya.

"Ƙarfe nawa ka dawo?"

Shiru. Isufu na kallon bango.

Amani ya koma ta dama, ya maimaita da murya iri ɗaya.

"Bayan magariba, Shef."

"Me ya sami kunnenka na hagu?"

Hannun Isufu ya tashi zuwa kunnen, ya dawo da sauri. "Mura ce ta toshe shi."

"Mura babu majina, babu tari. Bon. Jira ni waje."

Ya kira Namadi a salula.

"Wanda ke son ya yi kiɗa ba tare da unguwa ta ji ba, yaya zai yi?"

"Ya sa kask, abin sauraron nan da ake kifawa a kunnuwa. Fedaliye na da ramin kask, ba ruwansa da bafal."

"In kuma muryar lamp ɗin yake son ji? In ya cire bafal ya cusa kask a raminsa?"

"Subhanallahi! Kask ɗin zai ƙone nan take, tiransifo ya bi shi. Kuma ramin nan hanya guda gare shi, kunne guda zai sha ƙarar. Na hagu." Aka ji motsi. "Shef, kask ɗina ma ba ya nan."

*

Hanyar Baudeta rairayi ce, ruwan da aka yi ya danne ta. Ko'ina mutane ne a gonaki, namiji na sara da sungumi, mace da yara na bi suna zuba iri suna takewa. Amani ya dube su, ya tuna wanda ke zaune bisa benci a komisariya, ya ƙara wuta.

Jummai, mahaifiyar Isufu, ta shimfiɗa masa tabarma. Tsohuwa ce ramammiya, mai fara'a.

"Inna, Isufu ya zo jiya?"

"Ya zo, ɗana, wajen la'asar. Allah shi yi mai albarka. Ko zama bai yi ba."

"Ba da safe ba?"

"Da sahe ina? Ina salla ya shigo." Ta matso, ta rage murya don maƙwabta. "Buhu ya kawo muna. Shi da kai nai ya hau ya sa cikin rumbu, ya ce kar in taɓa sai ya dawo. Jiya na yi kwana irin wanda ban yi ba tun rani. Ka san mutum in ya san akwai hatsi a rumbu, ko bai ci ba ya ƙoshi."

Amani ya kawar da kai. Ya fi son a zage shi da a yi masa wannan fara'ar.

"Inna, ki yi haƙuri. Aikina ya sa dole in duba."

Ya hau, ya ɗaga murfin rumbun. Babu ko zangarniya guda a ciki, sai buhun. Ya kwance bakinsa. Ƙaurin ne ya fara fitowa. Ampli ne, kwalabensa a jere, da kask a kansa, gefe guda ya narke.

Jummai ta leƙa, ta dubi ƙarfen, ta dubi Insifekta.

"Wannan mi ne ne?"

Ya ɗaure bakin buhun, ya sauko da shi.

*

Da ya dire buhun bisa tebur, Isufu bai jira tambaya ba.

"Shekara da shekaru ina tsaye bayansa, ina jin muryar abin nan, ban taɓa sa gitata ciki ba. Da kowa ya tafi masallaci, na ga Gajere ya fita, na ce bari in ji sau ɗaya. Na saba da fedaliye, ka cusa kask ka yi abinka. Na zaci duk ɗaya ne. Ina kaɗa tsirkiya sai na ji kamar an harbe ni a kunne. Kafin in dawo hayyacina hayaƙi na fita." Ya share ido. "Na ji tsoro. Na fasa kwaɗon don a ce ɓarayi ne."

"Da aka ɗaure Gajere da igiya fa?" Amani ya buga tebur. "Ka dawo ka ji labari, ka je ka kwanta! Da ban je Baudeta ba, haka za ka bar shi ya tafi kaso?"

Isufu ya sunkuyar da kai.

Namadi ya shafa ampli ɗin kamar mai duba mara lafiya. "Da ka faɗa mini, Isufu, zagi kawai za ka sha. Akwai mai naɗa tiransifo a Maraɗi. Ƙarfe ne, ana gyara shi."

Na Allah, wanda aka kira don ya gani da idonsa, ya gyara rawani. "To, alhamdu lillahi, gaskiya ta fito. Dama mu..."

"Dama ku kun so ku huta," in ji Amani. "Je ka ba mutumin nan haƙuri, gaban waɗanda suka ɗaure shi."

Aka fito da Gajere. Ya kama hannun Insifekta da hannu biyu, ya rasa ta inda zai fara.

"Ranka ya daɗe, Allah shi saka ma. Allah shi jiƙan mahaifa. Ni dai... Allah shi saka ma."

"Ka gode wa Namadi, shi ya ƙi yarda tun farko. Na ga ƙasa yau, da sauran laima. Kar ka tsaya."

"Moto na waje," in ji Namadi. "Ni zan kai ka har gona, in riƙe maka sungumi in ka yarda da sarar makaɗi."

Gajere ya yi dariya, hawaye na zuba.

Ɗan sanda ya kama hannun Isufu. A bakin ƙofa ya tirje, ya juyo.

"Shef, tsohuwata. Ta ga abin da ke cikin buhun?"

"Ta gani."

Isufu ya rufe fuska. Namadi ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Baudeta ba nisa daga hanyarmu. Zan sa mata buhun gero a rumbun, na gaske. Ba don kai ba."

"Na gode, Yaya," in ji Isufu, da murya da ƙyar ake ji.

"Mu je," in ji ɗan sandan, ya wuce da shi ciki.