Fentin Da Ke Ƙarƙashin Fenti

"Ni fa na gaji da rufa mata asiri! Da idona na gan ta tana fitowa daga ofishin likitan nan mai tabarau, tana share hawaye, shi kuma har bakin ƙofa ya rako ta!"

Auta tana kicin, muryar yayar mijinta ta ratso bango ta same ta. Ta ajiye wuƙar hannunta a hankali.

Mijin nata, Mai Fenti, yana kan tsani a falo, yana mulka wa bango launin ruwan lemo. Bangon da ya shafa wa shuɗi kwanan nan. Rabon da ya yi barcin kirki har ta manta, amma idonsa ƙyar, bakinsa ba ya hutawa.

"Yaya, ki ce wallahi."

"Wallahi, Ƙanina! Kuma wai kai ne ba ka da lafiya. Kai! Kai da kake aikin mutum uku! Hanyar rabuwa take nema. Da ka ji tawa ka auri 'yar aminiyata, da yanzu..."

Ƙofa ta buga. Yaya ta kunna wutarta ta tafi, Allah ya shirya.

"Zuciya!"

Sunan da mijin yake kiranta da shi ke nan, amma yau ba zuma a cikinsa.

Ta fito tana goge hannu da zani.

"Ina kike zuwa idan na fita aiki?"

"Asibiti."

"Au, ba ma za ki musa ba?" Ya yi wata dariya da ba ta san shi da ita ba. "Shi ya sa kike leƙa fuskata idan ina magana. Shi ya sa kike ɓoye min makullin mota. Kun haɗa baki ke nan! A ce na haukace, a kulle ni, ke kuma ki koma gidan mai tabarau!"

"Rabin raina..."

"Kar ki ƙara kira na haka!"

Ta sha tsara wannan maganar a kan sallaya, ta yi addu'a, ta zaɓi kalmomi masu laushi. Yanzu ko ɗaya babu a kanta.

Sai idonta ya faɗa kan ƙarfen kankare fenti da ke cikin bokitinsa.

Ta ɗauka. Ta durƙusa bayan ƙofa, inda bai kai ga shafawa ba, ta fara kankara.

"Ke, me kike yi wa bangona?"

"Sauko ka gani. Ni ban iya magana ba, amma kai ka iya karanta bango."

Ya sauko yana huci, buroshi a hannu.

Shuɗin ya ɓare, kore ya bayyana. Ta ƙara dannawa, ga ja. Ƙarƙashin ja ga fari, wanda suka tarar da suka tare.

"Jan nan, ka tuna? Lokacin ne ka ce za ka buɗe kamfani, ka kyautar da injinka na feshin fenti ga wani da ko sunansa ba ka sani ba. Koren nan kuma, lokacin da ka tuƙa mota har ka kusa kashe mu, kana waƙa."

"To sai me? Kuzari ne Allah ya ba ni!"

"Dubi tsakaninsu."

Ya sunkuya. Tsakanin ja da kore akwai wani siririn layi baƙi. Haka tsakanin kore da shuɗi.

Ya sa farce ya taɓa.

"Datti ne," ya ce a hankali.

"Datti ne. Na watannin da kake kwanciya, a rufe labule, ba wanka, ba aiki, ba ka ko amsa sallama. Sai ka miƙe rana ɗaya ka shafa sabo a kai, ko wanke bangon ba ka tsaya yi ba. Kai da ka fi kowa tsanar mai shafa fenti a kan datti..."

Karon farko ke nan a ranar da bakinsa ya tsaya.

"Wancan karon ka ce min da ma ba ka farka ba. Ka tuna? Ni ban manta ba. Duk dariyar da kake yi yanzu, ni ranar da labulen zai sake rufuwa nake hange. Tsoro nake ji kar wata rana in buɗe ɗakin..."



"Shi ne kika kai ƙarata wurin wani namiji."

"Tambaya na je yi! Ya ce akwai wata lalura, baifola suke ce mata. Mutum ya hau sama ya kasa saukowa, sai kuma ya faɗo ya kasa tashi. Ya ce ba zai ce ita ce ba sai ya gan ka da kansa. Ya ce idan ita ce, akwai magani, mutane na zaune da ita lafiya lau, suna sana'arsu."

"Wato mahaukaci kika aura."

"Mai fenti na aura! Wanda ya zana min tantabara a bayan ƙofar ɗakina tun ina gidanmu, har Baba ya bi shi da sanda."

Gefen bakinsa ya motsa, kamar zai yi murmushi, ya fasa. Ya zuba mata ido, yana neman ƙarya a fuskarta.

"Yaya ta ce kuka kike yi da kika fito."

"Kukanka nake yi. Wa nake da shi da zan yi wa kuka?"

Ya zame ya zauna a ƙasa, kafaɗarsa ta jingina da tata. Sai a lokacin ta ji yadda jikinsa ke rawa, kamar injin da aka manta ba a kashe ba.

"Na gaji, Zuciya," ya ce. "Amma na kasa tsayawa."

Ta kama hannunsa, fenti da komai, ta ɗora a kumatunta.

"Ciwo daga Allah ne, magani ma daga gare shi. Ba zan tura ka ba, ba zan kai ka da dabara ba. Idan ka ga dama ka kira Yaya ta zauna tsakanina da mai tabarau, ta tsare mutuncin gidanku."

Buroshin yana ɗiga a kan tayil, ɗis... ɗis... Ba wanda ya kula.

"Rabin raina, don Allah... ka zo mu je tare?"