Ranar Kasuwa a Rijiyar Maje

"Kalli hoton nan da kyau, Zakari. Wace ce ita?"

Ikilima ta miƙa masa hoton. Ruwan sama na dukan kwanon zaurensu a unguwar New Bell ta birnin Duwala, shi kuwa yana tsaye jiƙe sharkaf, rigarsa duk warin albasar da yake sayarwa.

"Sheri, masoyiyata, wa ya ba ki wannan?"

"Sa'ida. Ta ce matarka ce da ɗanka, ka baro su a ƙauye..."

"Ƙanwata ce, Rahinatu. Wallahi ƙanwata ce."

"Kowa ma haka yake cewa."

Ta shige gida tana kuka.

Dama Abbanta bai taɓa son maganar aurensu ba. 'Yarsa mai aikin ofis a unguwar Akwa, ta rasa wanda za ta so sai baƙon da ba a san asalinsa ba? Da ya ga hoton ya ce an rufe zancen. Sa'ida maƙwabciyarsu, wadda ta daɗe tana aika wa Zakari abinci yana mayar mata, har ɗaki ta zo jaje.

Goggo Iyatu, yayar Abba, ita kaɗai ta ƙi yarda.

"Ni ba na yanke wa mutum hukunci da hoto. Haɗa kayanki, 'yar nan, mu je mu gani da idonmu."

Jirgin ƙasa ya kai su Gaundare, daga nan mota ta miƙa su ga mota, har suka sauka Rijiyar Maje, can ƙasar Damagaram, ranar da kasuwa ke ci.

Ikilima ba ta taɓa ganin rana irin wannan ba. Sama fes, ko ɗigon gajimare babu. Rumfunan zana, buhunan gero, tulin kanwa, raƙuma a durƙushe suna tuƙa. Leɓenta ya tsage, ƙasa na ƙona ta ta cikin takalmi. Tana shirin tambayar gidan su Zakari jiri ya kwashe ta.

Ta farfaɗo a inuwar wata rumfa, kanta bisa cinyar wata mai fura, ana shafa mata ruwan randa a fuska.

"Sannu, baiwar Allah. Kurɓi wannan a hankali."

Ikilima ta ɗaga ido ta dube ta. Fuskar cikin hoton ce, ga yaron goye a bayanta.

"Daga ina kuke, Inna?" matar ta tambayi Goggo.

"Duwala."

"Ikon Allah, ai yayana na can. Zakari mai albasa." Ta leƙa rumfar maƙera ta kira mijinta. "Baban Yusufa, zo ka ga baƙi daga garin su Yaya."

Ta juyo tana dariya. "Kullum a waya zancensa ɗaya, wata Ikilima. Wai in ta yi fushi sai ta koma Faransanci. Ko kun san ta?"

Ikilima ta rufe fuska da mayafi, hawaye na zuba.

"Ga ta nan a cinyarki," in ji Goggo.

Da yamma Ikilima ta hau tudun bayan kasuwa, inda waya ke kamawa, ta kira shi.

"Zakari... ka yafe min."

Ya ce, "Kina ina ne? Kamar kukan raƙumi nake ji."

"Garinku. Na sha furar Rahinatu."

"Sheri..." in ji shi. "Har can kika je saboda ni?"

Da suka koma, Goggo ta zauna gaban Abba.

"Mutanen nan sun ɗauki 'yarka daga ƙasa tun ba su san ko 'yar wace ce ba. In asali kake nema, na gan shi."

Jin haka Abba ya ce a gaya wa yaron ya turo magabatansa. Sa'ida kuwa ta daina bi ta ƙofar gidansu.

Ranar ɗaurin aure aka nemi amarya aka rasa, ƙawaye na ta cigiya. Tana ɗakin Goggo, durƙushe da lallenta, tana matsa mata ƙafafun da har yau kumburinsu bai saɓe ba tun waccan tafiyar.

"Tashi, ja'ira, angonki na jira."

"Ya ƙara jira kaɗan, Goggo."