Tabon Da Dalya Ta Wanke

Ranar da Yoel Zilberman ya fara shiga shagon wankin Ezra Mashal, zafi ake zabgawa a Melbourne, Hanuka, bikin fitilu na Yahudawa, bai daɗe da wucewa ba. Ya ɗora kwat a kan teburin shagon, hannunta duk ɗigon kyandir, ga man soyayyen dankali a ƙirji.

Dalya, 'yar mai shagon, ta juya kwat ɗin gaba da baya, ta tambaye shi ko fitilar ya kunna ko kuwa dambe suka yi da ita. Ya ce ita ta fara tsokanarsa. Ta yi dariya, ta jawo takarda ta zana siffar kwat ɗin, ta sa wa kowane tabo lamba a daidai inda yake. Haka mahaifinta ya koya mata, ba a sa wa kayan mutum ruwa sai an zana abin da ya zo da shi.

Bayan kwana uku Yoel ya dawo da riga mai tabon kofi, mako na gaba kuma wando. Baba Ezra ya leƙe shi ta saman tabarau, ya ce ko dai hannun yaron nan rawa yake yi, ko kuma ba wanki ke kawo shi ba. Duka biyun gaskiya ne.

Kafin zafi ya wuce, wayar Dalya ba ta hutawa.

"Farar tattabarata, yau miya ta zube mini a riga. Wallahi wannan karon ba da gangan ba ne."

"Sarkin ƙazanta, kawo ta. Babu tabon da ya fi ƙarfina, sai wanda ka yi mini a zuciya. Shi kam ba na son ya fita."

To, amma Yoel ba shi kaɗai ke da kansa ba. Kakarsa Henya ce ta rene shi tun yana ɗan shekara tara, lokacin da ciwo ya ɗauke mahaifiyarsa Perl. Tsohuwar ta haura tamanin da biyar, daga Poland ta zo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ita kaɗai ta tsira a gidansu. Da ta ji cewa dangin yarinyar mutanen Bagadaza ne, sai ta ture kofin shayinta gefe.

"Masu cin shinkafa a Idin Ƙetarewa? A tukunyata za ta dafa?"

Wannan rigimar ta girmi kowa a unguwarmu. Mutanen Bagadaza sun gaji cin shinkafa a kwanakin idin, na Poland kuwa ko ƙwaya ɗaya ba ta kwana a gidansu. Ga shi Kaka Henya tana da tata a hannu, Shaindel, jikar aminiyarta, wadda a cewarta kana iya cin abinci a ƙasan kicin ɗinta.

Yoel ya yi ta lallashi, har tsohuwar ta yarda Dalya ta zo taya su sharar idi. Mu kuwa sharar idi ba wasa ba ce, ko ɓurɓushin burodi ba a bari, har aljihun riga sai an zazzage. Dalya ta isa da safe ta tarar Shaindel ta riga ta, tana goge kofunan azurfa, Kaka na ta sa mata albarka. Dalya kuwa aka nuna mata ɗakin ajiya.

A can ta buɗe akwatin kayan idi, ta ga wata tsohuwar shimfiɗar tebur ta lilin, mai aikin hannu a gefe. Kyakkyawa ce, amma duk ta yi dabbare-dabbare da ruwan inabi, wani tabon har ya koma ruwan ƙasa don tsufa. Zuciyarta ta yi tsalle. Shaindel ta iya goge azurfa, amma wannan aikin duk unguwarmu ta Caulfield Dalya kaɗai za ta iya. A lokacin Yoel ya fita da Kaka ganin likita, ba wanda za ta tambaya, kuma gaskiya ba ta so ta tambaya. So take ta ba su mamaki.

A shago ta zana shimfiɗar a takarda kamar kullum, ta ƙirga tabo goma sha huɗu. Kwana biyu ta yi a kanta, tana bin kowane da haƙuri, har lilin ɗin ya fito fari fat.

Ranar jajiberi ta mayar da ita a goge, an naɗe cikin takarda mai laushi. Kaka Henya ta warware ta a kan tebur. Ba ta yi ihu ba. Hannu ta ɗora a kusurwar dama tana shafawa, ta matsa tsakiya, ta dawo, kamar mai neman allurar da ta faɗi.

"Ina babana?" ta ce. "Nan yake zama."

Yoel ya tsaya a bakin ƙofa, fuskarsa ta yi fari. Shi ya gaya wa Dalya, da muryar da ba ta taɓa ji ba. Shimfiɗar nan ita kaɗai Kaka ta samu a hannun wata maƙwabciya da ta koma garinsu bayan yaƙi. Ba hoto, ba kabari. Kowane tabo na wani ne: inda mahaifinta ya ɗiga inabi da yatsa, inda ƙanenta ya ture kofi. Duk shekara kafin a fara cin abincin idi, takan bi su da yatsa tana kiran sunaye. Ya ɓoye wa Dalya labarin ne don ta ji daga bakin Kaka a daren idin.

"Na kusa da gefen nan na mahaifiyata ne," ya ce. "Idinta na ƙarshe, hannunta ba ya iya riƙe kofi."

 Ya ce wa Dalya ta tafi gida. Bai ɗaga murya ba, ita kuwa da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

Daga baya ta ji cewa a wurin cin abincin Kaka ta miƙe za ta kira sunaye, ta kira huɗu, ta tsaya tana kallon farin ƙyalle, sauran suka ƙi zuwa. Ashe tsufa ya daɗe yana yi mata sata, tabon ne ke riƙe mata su.

Bayan idi Dalya ta tura saƙo.

"Yoel, na san ba abin da zan faɗa ya dawo da su. Don a yaba mini na yi, ba don Kaka ba. Ka yafe mini in za ka iya."

Amsar ta kwana biyu kafin ta zo.

"Na san ba mugunta ba ce. Amma in na tuna hannunki, wurin nan nake gani. Ki ba ni lokaci."

Sanyi ya shigo ya zauna. Dalya ta rame, in ƙararrawar ƙofar shago ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi, ta ɗago ta ga wani ne. Masu kawo wanki suka riƙa kawo labari har da wanda ba a tambaye su ba, wai an ga Shaindel a teburin Zilberman ranar Asabar. Takan shige bayan injin guga ta yi kukanta inda tururi zai rufa mata asiri.

Ana saura mako guda Ranar Kafara, lokacin da kowa ke bin wanda ya ɓata wa yana neman gafara, Baba Ezra ya zaro wata takarda daga ƙusar da yake soke takardun aiki, ya ajiye a gabanta. Zanen shimfiɗar ne, da lambobinsa.

"Ni ba na zubar da takardar aiki, 'yata. Tabon ya tafi, amma ga inda kowa ya zauna."

Sau biyu Dalya ta je gidansu Yoel, Kaka Henya ta ce ba ta jin daɗi. A na uku da hantsi aka bar ta ta shiga. Yoel na zaune a gefe, shi ma ya zube, rigarsa tsaf ba ko ɗigo. Dalya ta durƙusa ta buɗe takardar a cinyar tsohuwar, ta ce ba ta zo wanke kanta ba.

Kaka ta daɗe tana kallo. Can ta ɗora yatsa a kan lamba ɗaya.

"Tate," ta ce, wato babanta. Yatsan ya matsa. "Mame, uwata. Wannan dogon kuma ƙanena Leibel ne, shi ma hannunsa kamar na wancan sakaran."

Yoel ya rufe fuska da hannu. Dalya na rubutawa, hawaye na ɗiga mata a haɓa. Suka kai goma sha uku, har da Perl. A na goma sha huɗu, wani ɗan mitsitsi a tsakiya, yatsan tsohuwar ya tsaya. Ta san na wani yaro ne, ɗan ƙanwar mahaifiyarta, amma sunan ya tafi. Har yau bai dawo ba, kuma babu sauran wanda za a tambaya a duniya.

"Wannan ke kika kashe mini shi," Kaka ta ce a hankali.

"Ni ce, Kaka."

"To, tunda kin sani, tashi. Kin iya riƙe allura, ko shinkafa kawai kuka iya?"

Wata biyu Dalya tana zuwa kullum da rana, tana zagaye gurbin kowane tabo da zare mai launin inabi, ta ɗinka suna a ƙasa. Na yaron ta zagaye shi ta bar shi ba suna. Yoel kan kawo musu shayi, ranar da ya zubar da rabi a kan wandonsa kuwa sai da su ukun suka yi dariya. Da ya rako ta bakin ƙofa ya ce ya yi ƙoƙarin daina sonta, abin ya gagara.

"Na ɗauke maka mahaifiyarka, Yoel."

"Kin ɗinka mini sunanta da hannunki, farar tattabarata. Ki zauna ki taya ni tunawa."

An ɗaura auren a farfajiyar majami'a da la'asar, shekara guda cif da zuwan kwat ɗin nan. Shimfiɗar aka ɗaure a sanduna huɗu ta zama rumfar aure, sunaye goma sha uku da da'ira ɗaya a saman kan ango da amarya. Shaindel ma ta zo, ita ta goge kofin azurfar. An so a zuba farin inabi saboda rigar amarya, kamar yadda aka saba, Kaka Henya ta ce ja za a zuba.

Bayan sun sha, Kaka ta sa aka turo keken guragun da aka kawo ta a kai kusa. Ta tsoma yatsa a kofin, ta kamo gefen shimfiɗar da ke lilo, ta danna kusa da sunan Perl. Jan ya bazu a farin lilin.

"Wannan naki ne, Dalya. Allah ya cika muku tebur da 'ya'ya masu zubar da kofi. Kada ki wanke."

Dalya ta kama hannun ta sumbata tana kuka. Yoel ya taka gilashi ya fashe kamar yadda al'adar aurenmu take, jama'a suka ɗauki guɗa da addu'a, tsohuwar kuwa kanta na sama, tana kallon ƙaramar da'irar nan ta tsakiya.