Muhawarar Bayan Zana

Riskuwa na durƙushe a tsakar gida tana niƙan gero, tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa irin ta wadda aka kawo wa goron tambaya, sai ga mahaifinta Malam Usuman ya faɗo gida, hula a karkace, sallamar ma rabi ya yi.

"Ina goron ga na gidan su Labbo? A ɗauko shi, a maishe musu abinsu!"

Dutsen niƙa ya tsaya cak. Tsohuwa Tasallah, mahaifiyar Malam, tana gindin ɗorawa tana kaɗi, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Lahiya, Malam? Goro dai mun ci rabi. Sai dai a maishe musu da jan baki."

"Inna, ba wasa nika yi ba! Arzika mai jirgi ya hwaɗa man komi. Jiya, tsakiyar kogin Kwara, gaban dattawa, yaron ga yac ce wai wa yat taɓa zuwa lahira yad dawo? Wai a ba shi hujja! Ni in ɗauki ɗiyata in ba wanda bai yarda da tashin ƙiyama ba? Ba da ni ba!"

Riskuwa ta bar garin a kan dutse, ta ruga ɗaki tana kuka, kaji kuwa suka ce gaba ta kai su.

Labbon nan malamin elementare ne a Bagudo. Ya yi karatu a Sakkwato, ya dawo da keke da gajeren wando da baki. A kwanakin nan shi ke koya wa yara maci saboda bikin mulkin kai da ke tafe, tunda mutanen Dahomai na ƙetaren iyaka sun riga sun karɓi nasu suna ta yi mana yanga. Yaron kirki ne, sallah ba ta wuce shi. Aibinsa guda: in ka ce masa madara fara ce, sai ya tambaye ka wa ya faɗa maka.

Washegari Riskuwa ta ɗauki tulu, ta bi ta filin makaranta, ko da yake ba nan ce hanyar rijiya ba, ta tarar da Labbo can.

"Ticha, mi kac ce cikin jirgi?"

"Haba Riskuwa, dibet ne fa! Haka muke yi a makaranta. A raba mu gida biyu, a ba ka gefen da ko ba ka yarda da shi ba, ka kare shi. Wanda ya fi poyin, wato maki, shi ya ci."

"To Kwara makaranta ta? Nan garin, abin da namiji yaf hwaɗa da bakinai, nashi na. Ga poyin nan ka ci — an maishe da goro!"

Dariyar Labbo ta ɗauke.

"Dube ni," in ji ta. "Dibet ɗin kaɗai na?"

Sai ya sunkuya yana murza ƙararrawar kekensa. Gabanta ya faɗi, don ta gane akwai abin da ke ƙarƙashin maganar, kuma tana son sa, son da ba ta ga yadda za ta yi da shi ba in aka raba su.

Da ma a ce zai iya zuwa ya wanke kansa! Amma ina. Saurayi ba ya haɗa ido da surukinsa, in sun yi kiciɓis a hanya sai dai ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Hakan kuwa aka yi ranar Juma'a a bakin masallaci. Malam Usuman ya tsaya a kansa ya ce, "Kai! Akwai lahira ko babu?" Labbo, mai bakin da ya cika jirgi, kunya ta ɗaure masa harshe, ya yi ta kallon ƙasa kamar ya yar da allura. Malam ya dawo gida yana tafa hannu: "Kun gani? Ko amsawa bai yi ba!"

Riskuwa ta yi kukanta ta ƙoshi, ba ta ɗaga wa mahaifinta murya ba, ba ta ƙi tuwo don a lallashe ta ba. Ta dai je ta kwantar da kai a cinyar kakarta.

"Kaka, ki yi man dabara. Ba a yanke ma mutum hukunci ba a ji bakinai ba."

"Kunya ido ta hana su haɗawa," in ji Tasallah, "ba ta hana kunne ba. Bar ni da su."

Bayan la'asar aka shimfiɗa wa Malam buzu a cikin gida, aka ajiye wa Labbo tabarma a waje, zana a tsakaninsu. Tasallah ta zauna a bakin ƙofar zanar, wai ita ce mai kai magana, alhali ko tari ɗayansu ya yi ɗayan zai ji. Riskuwa ta laɓe a bayan rumbu.

"Inna, tambaye shi: wa yay yi shi?"

"Angona, an ce wa yay yi ka da manyan kunnuwa haka?"

"Inna!"

"Kaka," in ji Labbo, "ki ce wa Baba Allah ne. Wannan ban taɓa shakka ba. Ko kekena ba shi ya haɗa kansa ba."

"Madalla. Ce mai, wanda yay yi shi tun bai zan komi ba, maishe shi za ya gagare shi? Gero nawa muka biznewa ya tashi?"

Riskuwa ta yi ta addu'a a zuci ya ce haka ne ya yi shiru. Amma hali zanen dutse.

"Kaka, ki ce wa Baba gero da ransa ake binne shi. In an dafa shi, ba ya tsirowa."

Tasallah ta juyo wajen ɗanta da fuska a sake. "Ya ce ya gode ƙwarai."

"Na ji shi da kunnena!" Malam ya miƙe yana kakkaɓe riga. "An gama. A naɗe tabarma!"

Nan Riskuwa ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta sa baki a maganar manya.

"Kaka — ki tambaye shi mi yaka tsoro."

Can Labbo ya yi magana, ba da muryar dibet ba.

"Innata ce. Kun san ta, mutuniyar ƙetaren iyaka ce, da girmanta ta musulunta. Fatiha ma ba ta fita daidai a bakinta, harshen Dandi ya riƙe ta. Ina Sakkwato ta rasu, ban gan ta ba. Da na dawo sai na ji wani mai wa'azi a kasuwa yana cewa masu sallah ba karatu itacen wuta ne. Tun ranar na gwammace a ce babu lahirar, da a ce tana can tana ƙuna. Ko hannu na kasa ɗagawa in yi mata addu'a."

Wannan karon Tasallah ba ta kai maganar ba. Ta ajiye mazarinta.

"Innar taka Asama'u? Yaro, kanta na bisa ƙahwata tac cika. Ni niy yi mata wanka. Kalmar shahada ta ga bakinta, karyayya dai awa yadda taka yin ta, amma ta hito sarai."

Aka ji shessheka daga bayan zana. Malam Usuman ya koma ya zauna a hankali, ya manta da 'yar aike, ya manta da surukuta.

"Labbo. Wa yab ba mai wa'azin ga mabuɗin wuta? Ubangijin da yay yi harsuna duka, shi na bai gane Hwatihar Dandi? Rahamatai ta rinjayi hushinai. Ni ban san makomata ba, balle ta wani. Abin da ak kanmu, mu roƙa mata. Don mi ba ka hwaɗi haka ba tun hwarko, sai ka je kana yi ma dattawa dibit cikin ruwa?"

"Dibet ne, Baba."

"Kun ji shi ko!"

Tasallah ta fashe da dariya, Malam ya riƙe tasa ya kasa, Riskuwa kuwa tana bayan rumbu tana dariya tana share hawaye da gefen zane.

Malam ya ce a sake kawo goro, amma biki sai gero ya shiga rumbu, kuma kafin nan Labbo ya riƙa zama gaban liman yana kai tambayoyinsa inda za a amsa masa. Riskuwa ta yi haƙuri ta jira. Aka yi bikin mulkin kai, yara suka yi maci hagu na shiga dama, aka girbe gero, aka ɗaura aure.

Fitar amarya ta farko, Labbo ya goya ta a keke suka tsallaka iyaka zuwa ƙauyen da aka binne Asama'u cikin danginta. Riskuwa ta tsaya nesa a inuwar kuka. Ta hango mijinta ya durƙusa a gaban kabarin, ya daɗe, sannan ya ɗaga hannuwansa biyu sama. Ba ta jin abin da yake faɗa, amma ta yi ta cewa amin har ya shafa.

To, 'yan uwa, kada mu yi saurin fitar da mutum daga addini don wata magana da ta suɓuce masa. Sau da yawa mai musun lahira wani nasa yake ji wa tsoro a can. A zaunar da shi a tambaye shi ciwonsa tukuna, hukunci kuwa a bar wa Mai shi.