Fayil ɗin Unguwar Bayan Dogo

Ranar Litinin da safe, saura kwana takwas a jefa ƙuri'a, aka kira Sufeto Delmar Quiroga zuwa sakatariyar garin Marlow Bend da ke Texas. An fasa ɗakin ajiyar takardu.

Cikin shekara goma garin ya ninka. Majalisar gari na son sayar da takardun lamuni na dala miliyan casa'in don gina tituna da magudanan ruwa, a riƙa biya daga harajin gidaje. Amma doka ta ce sai jama'a sun amince da ƙuri'arsu.

Manajan gari, Wade Hollis, ya tare shi yana sharce gumi.

"Me aka ɗauka?" in ji Sufeto.

"Fayil ɗaya. Jerin ayyuka ne kawai."

"Kwamfuta fa?"

"Tana nan. Ka je ka kamo Orville Stroud, shi ke yawo yana zagin lamunin nan."

Sufeto ya leƙa tagar da aka fasa. Tsakar ɗakin tas take, gilashin duk yana waje a kan ciyawa. Daga ciki aka fasa ta.

"Su wa ke da makulli?"

"Ni da magatakarda, Ofelia Barrientos. Ita kam shekara ashirin da shida ba ta taɓa ɗaukar ko biro ba."

Sufeto ya tarar da Orville Stroud, tsoho mai garken shanu, yana gyaran shinge.

"Ina kake jiya Lahadi, Baba?"

"Coci."

"Fastonku ya ce rabonsa da kai tun jana'izar matarka."

Tsohon ya tofar da yawu. "To, allunan 'A zaɓi E' na masu goyon bayan lamunin na yini tumɓukewa, guda talatin da ɗaya. Ka rubuta. Su gina wa baƙi titi, ni in biya haraji har kabari? Amma ni ba ɓarawo ba ne. Ga abin da na tsinta a akwatin wasiƙuna yau."

Shafi biyu ne. Na farko ya ware dala miliyan goma sha ɗaya don magudanar Unguwar Bayan Dogo. A na biyu, mai sa hannun Hollis, an karkatar da kuɗin zuwa titin wani sabon rukunin gidaje. Abin da za a nuna wa masu ƙuri'a kuwa "tituna da magudanai" ne kurum. Wani baƙin layi ya ratsa gefen kowane shafi, alamar injin kwafi mai lahani.

Injin sakatariya lafiyarsa ƙalau. Sufeto ya bi shaguna uku kafin ya gwada na ɗakin taron Bayan Dogo. Takarda ta fito da baƙin layi.

"Wa ya yi aiki da shi jiya?" ya tambayi mai kula da ɗakin.

"Ba kowa."

"Injin ya ce kwafi ɗari takwas."

Matar ta naɗe hannu. "To sai ka kama injin."

Gida na huɗu daga nan shi ne na Ofelia Barrientos. Ya same ta tana naɗe tamale, wani irin alalen masara, a ɓawon masara, an ɗaure mata wuyan hannu da bandeji. A bangon falonta akwai shatin ruwa da ya kai ƙugu.

"Mama, me ya sami hannunki?"

"Wuƙa."

"Wuƙa ko gilashi?"

Ta ajiye cokali, ta dube shi ido cikin ido.

"Zauna, Delmar. Na san ka tun kana yawo ba takalmi. Ni na ɗauka. Na fasa tagar don a ɗauka ɗan waje ne, wannan kaɗai nake jin kunyarsa."

"Me ya sa?"

"Sau biyu muna tsayawa a rana muna zaɓar E, an ce za a yi mana magudana. Sau biyu muna biyan harajin. Ka ga bangon can? A ruwan bara aka fito da mijina a kan ƙyaure, bai kai asibiti da rai ba. Sai Hollis ya miƙo mini wannan takarda ya ce in ɓoye sai bayan zaɓe. Ni! Da hannuna!"

"Da kin kai wa majalisa."

"Na kai. Minti uku suka ba ni, suka kashe lasifika. Ban ce kowa ya ƙi lamuni ba, garin nan na buƙatarsa. Amma mai jefa ƙuri'a ya san abin da yake sa wa hannu."

Ta ciro fayil ɗin daga saman firji ta dire a gabansa.

"Dole in tafi da ke, Mama."

"Na sani. Ta ƙofar gaba za mu fita, kuma ba sauri."

A waje maƙwabta sun cika titi, kowa da takardarsa a hannu. Ta shiga mota kanta a ɗage.

Wayar Sufeto ta yi ƙara. Hollis ne.

"Na ji ka samo shi. Maido mini fayil ɗin yanzu, a kashe maganar."

"Ba zai yiwu ba, Yallaɓai," in ji Sufeto yana tayar da mota. "Kai ka kira 'yan sanda. Fayil ya zama shaida, a gaban alƙali za a karanta shi, shafi bayan shafi."