Kifin da Babu Ƙaya

A bakin ruwan Yelwa Zakari ya fara ganin Zuliha, ta tsuguna gaban kwandon kifin da ya kawo daga Wara tana juya giwan ruwa tana yatsina fuska.

"Wanga na jiya ne," ta ce. "Inna ba ta dafa kwantai."

"Wace Inna ce haka da ta raina kifin Wara?"

"Uwani mai abincin biki. In ba ka san ta ba, ba ka taɓa cin biki Yauri ba."

Ya ɗauko mata na safiyar nan. Ita ta saya, amma shi ya nemi gyara, wato lambar waya. Kafin damina ta zagayo, magana ta kai gaban manya.

Hajiyar Zakari ba ta so ba. Ta daɗe tana ajiye masa Fiddausi, 'yar ƙanwarta, mai sana'ar girkin biki a Birnin Kebbi. Da ta ga yaron ya kafe sai ta sauko, amma da sharaɗi: Fiddausi ce za ta yi abincin walima.

Da Zuliha ta ji sharaɗin, ta koma gida tana sa ran Inna za ta ce ba ta yarda ba. Ina! Zuliha 'yar fari ce. Tun da aka haife ta Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, daga "ke" sai "waccan". Kunyar ɗan fari ta hana ta ko yi mata dariya a gaban mutane. Soyayyarta duk a kwano take. Tun ranar da ƙaya ta maƙale wa Zuliha tana ƙarama, Inna kan zare kowace ƙaya daga kifinta, ta turo mata kwanon ba ta ko dube ta.

"Ni in tsaya bakin tukunya ranar auren waccan?" in ji Inna, tana magana da Gwaggo Dije, ƙanwar baban Zuliha. "Mata su ce mi? Su kawo wadda suka so."

Gaba kura, baya sayaki. Zuliha ba ta isa ta roƙi Inna ba, ba ta isa ta musa wa suruka tun kafin ta shiga gidan ba. Sai ta daina ɗaga waya, ta koma kuka a ɗaki.

Saƙon Zakari ya shigo: "Zumata, mi na yi? In don Fiddausi ne, wallahi ko ruwan gidansu ban taɓa marmari ba."

Ta amsa: "Ba kishi ba ne, Angona. Inna ta ciyar da amaren Yauri kaf. Ni kaɗai zan bar gida ban ci na hannunta ba, kuma ba ni da bakin faɗa."

"Share hawayenki. Bar ni da su."

Ya lallaɓi Hajiya: Fiddausi ta yi shinkafa da kaji, amma bikin mai kifi babu farfesun kifi ai abin gori ne, a bar wa dangin amarya wannan. Hajiya ta yarda. Da Zuliha ta ji Gwaggo Dije aka ɗora wa aikin, sai ta yi murmushin dole. Gwaggo mutuniyar kirki ce, amma miyarta ko 'ya'yanta haƙuri suke da ita.

Ranar walima Inna ba ta fito ba, aka ce tana ɗaki. Gwaggo da kanta ta ajiye wa amarya ƙaramin kwano. Zuliha ta kai loma ɗaya don kada a ce ta ƙi, sai ta tsaya. Ta juya kifin da cokali, ta sake juyawa. Babu ƙaya ko ɗaya.

Ta ɗago ido cike da hawaye.

"Kar ki dube ni," Gwaggo ta raɗa mata. "Ni dai murhuna aka ara da safe, aka ce in rufe ƙofa."

Zuliha ta cinye tas, kwalli na bin kumatunta, Zakari na gefe yana murmushin wanda ya san komai.

Da yamma aka kai ta sallama. Inna na zaune bakin gado ta juya wa ƙofa baya, zanenta yana ƙamshin hayaƙi da daddawa. Zuliha ta durƙusa ta riƙe ƙafarta tana kuka. Inna ba ta janye ba.

"Dije," in ji Inna, "ki gaya ma yaron nan, waccan ba ta cin kifi da ƙaya. Shi riƙa dubawa. Allah shi yi musu albarka, shi ba su zaman lafiya."

Saƙon ya isa. Har yau a gidansu na Wara, duk ranar da aka dafa kifi, Zakari ke fara jawo kwanon gabansa.